Manoman Biritaniya a Zamanin Mulkin Rumawa

1. ƘASAR DA MUTANENTA

A wannan darasi za mu karanta labarin waɗansu manoma. Ba mutanen ƙasarmu ba ne, ba kuwa na zamaninmu ba. Sun zauna a tsibirin Biritaniya, inda Ingila ta ke yanzu, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Mun saba jin labarin sarakuna da mayaƙa. Amma sarki ba ya kwana da yunwa, soja kuwa ba ya yaƙi sai ya ci. To, wa ya noma abin da suka ci? Shi ne mutumin da mu ke nema yau.

Rum babban birni ne a ƙasar Italiya. Mutanensa su ne Rumawa, sarkinsu kuwa ana ce da shi Kaisar. Sun yi ƙarfi ƙwarai, har mulkinsu ya game Faransa da Sham da Masar da dukan bakin teku na arewacin Afirka. A shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, Kaisar Kalaudiyus ya aika da soja wajen 40,000, suka ƙetare teku, suka faɗa wa Biritaniya. Sannu a hankali suka ci kudu da tsakiyar tsibirin. Arewa mai nisa ta gagare su. Saboda haka a shekara ta 122 Kaisar Hadiriyan ya sa aka fara gina ganuwa daga teku zuwa teku, tsawonta mil 73. Mulkin Rumawa ya daɗe a can har wajen shekara ta 410, watau fiye da shekara 350.

A lokacin nan ba a san sunan Ingila ba tukuna, ba a kuwa jin Ingilishi. Mutanen ƙasar suna da harshensu dabam. Masana suna ƙiyasta yawansu wajen miliyan 3 ko 4. Cikin kowane mutum goma, wajen tara a ƙauye su ke, suna noma da kiwo. Ashe ke nan labarin ƙasar labarin manoma ne.

2. YADDA MUKA SAN LABARINSU

Waɗannan manoma ba su bar mana littafi ba. Ƙasa ce ta riƙe labarinsu. Akwai waɗansu masana, aikinsu haƙa kufai. Su kan tone ƙasa a hankali, su duba abin da mutanen da suka bari: tsingaro, da toka, da ƙasusuwan dabbobi, da dutsen niƙa, da ƙwayar hatsi wadda ta ƙone. Ƙwayar da ta ƙone ba ta ruɓewa. Da ita a ke gane abin da aka shuka.

Akwai kuma wata dabara wadda kowane manomi zai gane. Mun sani in aka shuka gero a kan tsohon juji, ya kan fi na kewaye tsawo da duhun ganye. In kuwa akwai dutse a ƙarƙashi, shuka ta kan tsumbure, ta riga sauran bushewa. Haka ya ke a Ingila. Inda mutanen da suka haƙa gwalalo, ko da ya cike tuntuni, ƙasar wurin ta fi riƙe laima. Inda suka gina bango, shuka ba ta jin daɗi. Mai tafiya a ƙasa ba ya lura. Amma in an hau jirgin sama a shekarar fari, sai a ga zanen gida da gona da hanya a cikin alkama, kamar an zana da alli a kan allo. A farin 1976 da na 2018 an ga kufai masu yawa ta wannan hanya.

Masanan Jami'ar Reading sun tara labarin wajen wuri 2,500 da aka haƙa a karkara, suka fara buga abin da suka samu a 2016. Suka ga galibin mutane ba a manyan gidaje su ke ba, ba kuwa a manyan ƙauyuka ba. A ƙananan gidajen gona su ke zaune, iyali ɗaya ko biyu, kowa kusa da gonarsa.

3. GIDAN MANOMI

Bari mu shiga ɗaya daga cikin gidajen nan. Tun daga nesa za mu ga gwalalo ya kewaye gidan, an tara ƙasarsa ta zama tudu, an kafa shinge a kai. Ba don yaƙi aka yi shi ba. Don dabbobi ne, kada na gida su fita, kada na daji su shigo, don a lokacin akwai kyarketai a ƙasar. Gwalalon kuma yana janye ruwa, gama ƙasa ce mai yawan ruwan sama.

A ciki akwai ɗaki ɗaya ko biyu ko uku. Ɗakin kewayayye ne kamar namu na ƙauye, sai dai ya fi girma. Faɗinsa ya kan kai ƙafa 20, wani har 40. Ana kafa itatuwa, a saƙa tsumagu a tsakaninsu, a yaɓe da laka, sa'an nan a ɗora jinka. Murhu yana tsakiya. Ba tagar hayaƙi. Hayaƙin ya kan bi ta cikin jinka ya fita, yana korar ƙwari. A nan a ke dafuwa, a nan a ke kwana, a nan a ke hira.

Ga wani abin lura. A wurinmu hadari daga gabas ya ke tasowa. A can kuwa iska da ruwa sun fi zuwa daga yamma. Don haka galibin ƙofofinsu suna duban gabas, su ba iska baya, su sami hasken safiya. Kowa da inda ruwa ya ke dukansa.

Inda dutse ya fi itace yawa, da dutse a ke gini. A can ƙuryar kudu maso yamma, a ƙasar Cornwall, akwai wani kufai, sunansa Chysauster. Bangayensa suna nan tsaye har yau. Akwai gida takwas a jere, huɗu nan, huɗu can, da hanya a tsakani. Kowane gida yana da tsakar gida a buɗe, ɗakuna suna kewaye da ita, ƙofar kowane ɗaki tana duban tsakar gidan. Sun yi magudanar ruwa, sun rufe ta da faffaɗan dutse. A bayan gida akwai ɗan lambu. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ba zai ɓata a cikinsa ba.

4. GONA DA TAKI

Daga ƙofar gida burtali ya miƙe, da gwalalo dama da hagu, don shanu su wuce makiyaya ba su shiga shuka ba. Gonakin ƙanana ne, da wuya ɗaya ta wuce eka ɗaya ko biyu.

Shekararsu ba irin tamu ba ce. Mu muna da damina da rani. Su kuwa ruwa yana sauka kowane wata, abin tsoronsu sanyi ne. Da hunturu rana ta kan yi gajarta, ƙasa ta daskare, ciyawa ta daina tsiro. Alkama a kan shuka ta kafin sanyi ya shiga, ta kwana a ƙasa duk hunturu, a girbe ta wajen watan Agusta. Ban da alkama suna shuka sha'ir da wake da wata irin rama ta yin tufafi. Ba su san gero ko dawa ko masara ba.

Da garmar shanu su ke huɗa. Garmar ta itace ce, da bakin ƙarfe, bijimai biyu suna ja. Ba ta juya ƙasa, tsaga ta kawai ta ke yi. Saboda haka a kan bi gona sau biyu, a bi tsawonta, sa'an nan a gitta. An ga sawun irin wannan garma a ƙarƙashin ganuwar Hadiriyan da barikokinta. Watau sa'ad da soja suka zo gini, a kan gonar wani suka yi shi. Daga baya an sami garma mai nauyi, mai wuƙa a gaba, wadda ta iya yanka ƙasa mai taɓo.

Sun san darajar taki. Masu haƙa kufai su kan tsinci tsingaro a warwatse cikin tsofaffin gonaki, nesa da gida. Me ya kai shi can? Amsa ita ce, matar gida ta zubar da fasasshiyar tukunya a juji, maigida ya kwashe jujin da kashin shanu ya kai gona. Takin ya narke, tsingaron ya saura ya zama shaida. Wani marubucin Rumawa mai suna Filini ya ce mutanen Biritaniya su kan haƙa rami mai zurfi, su fito da wata farar ƙasa mai alli, su baza a gona, ta yi shekaru tana ƙara mata ƙarfi. Ba Rumawa suka koya musu wannan ba. Sun tarar suna yi.

5. DAGA GONA ZUWA RUMBU

Da lauje a ke girbi. Alkamarsu ba irin wadda muka sani ba ce. Ko an sussuke ta, ƙwayar ba ta rabuwa da ɓawonta, kamar shinkafa shanshera. Sai an ɗan gasa ta, an surfa, an sheƙe, kafin a niƙa. Aikin da yawa, amma da amfaninsa. Ɓawon yana tsare ƙwaya daga laima da ƙwari. Saboda haka da ɓawonta a ke ajiye ta, a riƙa ɗiba kaɗan kaɗan.

A wurinmu rana ta ke busar da hatsi. A can ana iya girbi ruwa yana zuba. Don haka a gidajen gona da yawa an gina wani irin tanderu. Ana haƙa hanyar wuta a ƙasa, siffarta kamar harafin T, a yi daɓe a sama. A hura wuta a bakin, zafi ya bi ta ƙarƙashi, hatsin da aka shanya a kan daɓen ya bushe. Da shi kuma su ke gasa tsiron hatsi na yin giyarsu.

Rumbunsu a kan ƙafafu ya ke, don laima da ɓeraye. Kakanninsu a rami su ke ajiya. A wata gonar gwaji mai suna Butser, wadda aka kafa wajen 1970, masana sun jarraba wannan. Suka cika rami da hatsi, suka liƙe bakin da yumɓu. Hatsin gefe ya tsira, ya shanye iskar da ke ciki, sauran ya kwana lafiya har bayan hunturu. Asirin shi ne liƙewa. In iska ko ruwa ya shiga, an yi hasara.

Manyan rumbunan Rumawa sun zo da tasu masifa. Ƙwaron hatsi ya biyo jiragensu ya shigo ƙasar. A birnin York an haƙa wani ɗakin ajiya inda ƙwari suka yi yawa, har masu shi suka rushe shi, suka binne wurin da yumɓu, suka sake gini a kai. Tara hatsi wuri ɗaya ba shi ne tsare shi ba.

Niƙa aikin kowace rana ne. Dutsen niƙansu biyu ne kewayayyu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama yana da rami a tsaka da maƙami a gefe. A zuba hatsi ta ramin, a juya, gari ya fito ta gefe. Da garin a ke yin gurasa da fate.

6. DABBOBI

Shanu su ne ƙarfin gida. Su ke jan garma da keke, su ke ba da taki, a ƙarshe su ba da nama da fata. Ƙasusuwan da aka haƙo sun nuna shanun ƙasar ƙanana ne, amma a zamanin Rumawa na kudu sun ƙara girma. Akwai tumaki da aladu da dawaki da karnuka. Kaji kuwa a wannan zamani suka yawaita.

Mu mu kan tara harawa don rani. Su kuwa ingirici su ke tarawa don hunturu. Su kan keɓe fadama, su hana dabbobi shiga, ciyawa ta yi tsawo. Sa'an nan su yanke ta da wani dogon lauje wanda a ke riƙewa da hannu biyu, su shanya, su tara. Wanda bai tara isasshe ba, tilas ya yanka dabbobinsa kafin sanyi ya wuce.

Tumakinsu masu gashi ne. Mata su kan kaɗa gashin da mazari, shi ya sa a ke yawan tsintar gululu a kufai. Da zaren a ke saƙa wani burnus mai hula, wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Ya yi suna ƙwarai. A shekara ta 301, da Kaisar ya yanka farashin kaya na dukan mulkinsa, burnus na Biritaniya yana cikin lissafin.

7. HANYA, KASUWA DA HARAJI

Me zuwan Rumawa ya sake wa manomi? Sun shimfiɗa hanyoyi miƙaƙƙu da tsakuwa. Sun kafa birane, kamar Landan. Sun kawo sababbin abubuwan lambu, kamar kabeji da inabi. Tukwane masu kyau da kayan ƙarfe suka yawaita a kasuwa.

Amma soja da mutanen birni ba su noma, ci su ke yi. Aka ƙirga mutane, aka auna gonaki, aka sa haraji na kai da na ƙasa. Ga kuma hatsin da a ke karɓa don soja. Mai biyan haraji da kuɗi tilas ya kai abinsa kasuwa. Ta haka kuɗi ya shiga ƙauye.

A wani bariki mai suna Vindolanda, kusa da ganuwa, tun daga 1973 a ke haƙo wasiƙu da aka rubuta da tawada a kan 'yan alluna na itace. Ɗaya daga wani ɗan kasuwa ce, sunansa Oktabiyus. Ya sayi hatsi wajen mudu 5,000 na awonsu, ya ba da kafin alƙalami wajen dinari 300, dinari kuwa kuɗinsu ne na azurfa. Yana roƙon abokinsa ya aiko masa da 500 maza, in ba haka ba kuɗinsa ya nutse, ya ji kunya. Ya ce kuma bai aika a ɗauko waɗansu fatu ba, don hanya ta ɓaci, ba ya so ya wahalar da dabbobi. Da jin wannan mun san halin 'yan kasuwa bai sake ba.

Hatsin Biritaniya har ƙetare ya ke zuwa. Wajen shekara ta 359 Juliyan, mai mulkin yammacin ƙasar Rumawa, ya tara jiragen ruwa 600 don su kwaso hatsi daga tsibirin zuwa kogin Rayin, inda sojansa su ke. Ku tuna, kowace ƙwaya a jiragen nan da lauje aka yanke ta.

8. LABARIN MUDU

Wani marubuci mai suna Tasitus ya ba da labarin zaluncin masu karɓar hatsi. Ya ce a kan sa mutane su zauna a ƙofar rumbun gwamnati, rumbun a kulle, a tilasta musu sayen hatsin da za su biya da shi. Ko kuwa a ce su kai nasu wani bariki mai nisa inda babu hanya, alhali ga bariki kusa. Mai son sauƙi sai ya ba da toshiya. Tasitus ya ce Gwamna Agirikola, wanda ya zo wajen shekara ta 77, ya hana wannan. Amma mu sani Agirikola surukinsa ne, ba mamaki ya yabe shi.

A 1915 an tsinci wani mudu na tagulla kusa da barikin Carvoran. An rubuta a jikinsa cewa yana cin awo 17 da rabi. Da masana suka gwada, suka cika shi har baki, sai ya ci awo 20. Waɗansu suka ce mudun cuta ne, an yi shi don a zambaci manoma. Waɗansu suka ce a'a, da akwai wata alama a ciki wadda ke nuna inda za a tsaya, ita ce ta ɓace. Ko wanne ne gaskiya, abu ɗaya a fili ya ke. Manomin da ya kawo hatsinsa, in bai iya karanta abin da ke jikin mudun ba, bai kuwa iya lissafi ba, sai abin da mai awo ya faɗa masa.

Rumawa suna ce da ma'auninsu modiyus. Waɗansu masana suna ganin daga nan Larabawa suka sami kalmar muddu, mu kuma muka karɓa daga Larabawa muka ce mudu.

9. GIDAJEN GANDU

Ba dukan manoma suka zauna daidai ba. A kudu, inda ƙasa ta ke da kyau, kasuwa kuwa tana kusa, waɗansu suka yi arziki. Suka bar kewayayyen ɗaki, suka gina gida mai kusurwa huɗu irin na Rumawa, ɗakuna a jere, da baranda a gaba. Galibin masu gidajen nan ba baƙi ba ne daga Rum. Manyan ƙasar ne da suka ɗauki al'adar masu mulki.

A Frocester, cikin lardin Gloucester, manomin da ke noma wurin ya yi shekaru da yawa yana haƙa kufan da ke gonarsa. Aka ga mutane sun daɗe a wurin cikin ɗakunan itace da laka. Sai bayan fiye da shekara 200 da zuwan Rumawa aka gina gidan dutse. Arzikin gona ba ya zuwa dare ɗaya.

A lardin nan kuma akwai Chedworth, wanda wani mai gadin daji ya gano a 1864. Wannan gidan babban attajiri ne. Yana da ɗakunan wanka biyu, da maɓuɓɓugar ruwa wadda har yau ba ta ƙafe ba. Ana hura wuta a ƙarƙashin daɓe don ɗumi, kamar gadon ƙasa na mai jego. An yi wa daɓen ado da ƙananan duwatsu masu launi. A kusurwa ɗaya an zana hunturu da siffar mutum, yana sanye da burnus ɗin nan mai hula, yana riƙe da zomo da busasshen reshe.

Irin waɗannan gidaje kaɗan ne ƙwarai. Masu aikin gandunsu barori ne da bayi da masu noman haya. Ƙasusuwan talakawan karkara sun nuna baya da gaɓoɓi da suka sha wahala. A arewa da yamma kuwa mutane da yawa sun ci gaba da zama a kewayayyun ɗakunansu har ƙarshen mulkin, kamar yadda kakanninsu suka yi.

10. ƘARAR HONORATUS

Sunayen manoman nan kusan duka sun ɓace. Amma ga ɗaya da ya tsira. A wani tudu mai suna Uley akwai ɗakin gunki inda mutanen karkara su ke zuwa, gama a lokacin gumaka su ke bauta wa. Wanda aka yi wa sata ya kan sa ƙararsa a rubuce a kan ɗan fallen darma, ya ajiye a wurin. An haƙa wurin daga 1977 zuwa 1979, aka sami irin waɗannan da yawa.

Wani mai suna Honoratus ya kai ƙara an sace masa ƙafar keke biyu, da saniya huɗu, da ƙananan kaya masu yawa daga gidansa. Ya roƙa kada ɓarawon ya sami lafiya, kada ya iya kwanciya ko zama, ko ci ko sha, sai ya mayar da kayan. Wani kuma dabbarsa ta jan kaya aka sace.

Duk wanda ya taɓa tashi da safe ya tarar da turke ba saniya ya san abin da Honoratus ya ji. Maƙwabtansa dubbai sun yi noma, sun yi hasara, sun mutu, ba wanda ya san sunansu. Shi kuwa maganarsa ta shiga rubutu, ga shi muna jinta bayan shekaru fiye da 1,600.

11. RUMAWA SUN TAFI, GONA TA SAURA

Sarki goma, zamani goma. Mulkin Rum ya raunana, abokan gaba suka taso masa ta ko'ina. Aka riƙa janye soja daga Biritaniya. Bayan shekara ta 402 sababbin kuɗi suka daina isowa da yawa. Wajen 410 tsibirin ya fita daga hannun Kaisar.

Da soja suka tafi, babban mai sayen hatsi ya tafi. Kasuwanni suka mutu, manyan maginan tukwane suka daina aiki, birane suka zama kango. Gidajen gandu, waɗanda suka dogara ga kasuwa, suka lalace sannu a hankali. A waɗansu an tarar mutane sun kafa murhu a kan daɓen nan mai ado, ko sun fasa shi sun gina tanderun hatsi. Ado ya ƙare, amma ba a daina cin abinci ba.

Gonaki fa? Masana sun bincika ƙurar furanni da ta kwanta cikin taɓon tafkuna, wadda ke nuna abin da ya tsira a kowane zamani. Suka ga a wurare da yawa daji bai cinye gonaki ba. An rage noman alkama, an ƙara kiwo, amma ba a bar ƙasa ba. Daga baya waɗansu kabilu suka ƙetaro daga wajen Jamus, cikinsu akwai Angil, waɗanda daga sunansu aka sami Ingila. Su ma noma suka zo yi.

To, jama'a, ga abin da muka gani. Kafin Rumawa su zo, manomi yana nan da garmarsa da takinsa. Suna nan, shi ya ciyar da su. Da suka tafi, shi suka bari. Ganuwa ta zube, bariki ya zama kufai, amma har yau ana shuka alkama a gonakin nan. Abin da ya riƙe manomi uku ne: ƙasar da ya ciyar da taki, da rumbun da ya tsare, da dabbar da ya tanadar wa abinci. Abin da ya fi cutarsa kuwa awon da ba ya iya dubawa da kansa.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara Rumawa suka shiga Biritaniya, a wace shekara kuma mulkinsu ya ƙare?
2. Yaya a ke gane tsohon gida daga jirgin sama?
3. Don me ƙofofin ɗakunansu su ke duban gabas? Ina ƙofar ɗakinka ta ke duba, don me?
4. Me ya kai tsingaro cikin gonaki?
5. Don me su ke busar da hatsi da wuta?
6. Wane zalunci masu karɓar hatsi suka yi?
7. Me aka sace wa Honoratus? Yaya muka san sunansa?
8. Da Rumawa suka tafi, me ya lalace, me ya saura?

LISSAFI

An rubuta a jikin mudu awo 17 da rabi, amma yana cin awo 20. Awo nawa manomi ya yi hasara a mudu ɗaya? In an auna masa mudu 7, awo nawa ya tafi a banza? Mudu nawa ke nan?

RUBUTU

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi a allonsa, sa'an nan ya yi jimla da kowace ɗaya: kufai, tsingaro, gwalalo, burtali, ingirici, gululu, rumbu, mudu.